Ɗacin da Ya Sauka Maƙogwaro

Shekara arba'in Mbah Warsinah, wato Kaka Warsinah, tana zana yadi da narkakken kaki a garin Pekalongan, ba ta taɓa bari wani ya ja mata layi ba. Hawan jinin ido ya cinye mata idon hagu tun bara waccan. Na daman ya rage, shi ma ya ƙi jin magani, har likita a Semarang ya ce sai an dasa mata ɗan siririn bututu da zai riƙa rage ruwan da ke matse idon. Ta yarda ne saboda zanin goyon da ta fara yi wa 'yarta Lastri mai cikin fari. Tsuntsaye shida ta ƙudura zanawa a jikinsa, biyu kawai ta gama.

Saura kwana huɗu azumi aka yi aikin. Dokta Hendarto ya haɗa mata da allura a idon, ya miƙa mata kwalbar maganin ɗigawa.

"Bututun shi kaɗai ba zai iya ba, Mbah. Duk awa biyu a ɗiga. In aka yi wasa, nama zai tsiro ya toshe shi."

"Na ji, ɗan nan. Ido ne ba ni da shi, kunnena ƙalau."

Ran farkon azumi da hantsi ta ɗiga. Jim kaɗan sai ga ɗaci ya gangaro mata maƙogwaro, ta haɗiye shi kafin ta ankara. Gabanta ya faɗi. Tun da tsufa ya zo mata ba ta sha azumi ko ɗaya ba, yanzu kuma 'yar kwalba ce za ta karya mata? Ta yanke hukunci ita kaɗai: a ɗiga da sahur, a ɗiga bayan shan ruwa. Ba ta tambayi kowa ba, don tsohuwar ba ta iya tambaya ba.

Lastri kan dawo daga ɗinki ta ce wa uwar, "Mak, kin ɗiga kuwa?"

"Ke kika haife ni, ko ni na haife ki?"

Haka ta yi ta kauce wa ƙarya da bakin azumi har wata ya ƙare. Idon ya yi ja, yana sara mata har ƙeya, ta ce hayaƙin kaki ne.

Bayan Sallah Lastri ta mai da ita asibiti. Likita ya ɗage mata fatar ido, ya haska ciki da fitila.

"To kunna fitilar mana," in ji Mbah Warsinah.

Fitilar tana kunne tun ɗazu. Lastri ta fashe da kuka. Nan tsohuwar ta faɗi gaskiya duka, muryarta ƙasa-ƙasa kamar yarinyar da ta fasa tulu. Likitan bai yi faɗa ba, da ma ya yi da ya fi sauƙi. Ya kama yatsanta ya ɗora a lungun idon, daf da karan hanci.

"Nan ake dannewa bayan an ɗiga, Mbah. Minti ɗaya. Ba abin da zai sauka maƙogwaro. Ni ma ban tuna na faɗa miki ba."

"Shi ke nan? Minti ɗaya?"

"Shi ke nan."

A motar komawa gida Lastri ta ce za ta nemi wadda za ta ƙarasa tsuntsayen. Baƙin ciki ya cika uwar har ta kasa kuka. Yatsanta na nan a lungun idon, tana danne da shi, har suka shiga Pekalongan.