Kabarin Inna a Ƙofar Gida

...kuma ruwa bai san jira ba, shi ne abin da Sieni take son Yaya Lafaele ya gane. Amma ina! Mutum yana can ƙasar waje, a Auckland, cikin rigar sanyi, me ya sani? Teku ya riga ya kayar da kwakwar bakin hanya, ga shi yanzu yana lasar simintin kabarin Inna. A ƙofar gida, inda kowa ke binne nasa. Inda Sieni ke zama tana fere gwaza, tana ba Inna labarin gari.

Maganar ɗauke Inna daga nan, a bari sai Kirsimeti, in ji shi. Shi ke riƙe da sarautar gida, ba a taɓa ƙashin uwa sai da bakinsa. To, ya zo ya faɗa wa teku.

Ga kuma 'yarsa Tiresa, ran nan a kiran bidiyo, tana nuna wa ƙawarta fuskar Sieni: "Ga Goggo, ita ce caretaker ɗinmu." Da dariyarta, yarinya, ba da mugunta ba. Wa bai san kalmar ba? Haka ake ce wa tsohon nan mai share firamare, makullai na ƙara a ƙugunsa. Mai kula. Makulli a hannunka, ɗaki na wani. Sieni ta ji ciwo, har ga Allah ta ji.

Ai ita ta zauna. Kowa ya hau jirgi, ita ta zauna. Ita ta ɗaga Inna, ta kwantar, ta goge — bakin nan da ya karkace yana ta kiran Lafaele, Lafaele, ita kuwa tana riƙe da cokali...

Wata igiyar ruwan kuma. Siminti ya tsage ta gefen kai.

Fasto ya ce ta buɗe baki kawai, samarin coci su zo da shebur. A wanke ƙasusuwan, a shafa musu man kwakwa, a naɗe, a kai tudu yau ɗin nan. Yaya zai yi faɗa, ya gaji, ya huce. Dattawa ma za su ce ta kyauta. To me take jira? Me...

Tudu. Gonar can sama, hawan da gwiwoyinta suka daina yi tuni. Inna a can, ita a nan, ƙofar gida fetal. In gari ya waye ta fito, wa za ta ce wa an tashi lafiya?

Ashe ba Yaya take jira ba.

Ruwa ya kai mata idon sawu. Bari dai ta ɗan zauna tukuna... kaɗan.