Ɗiyar Inna

Habsa na murza ƙuli-ƙuli a kan dafaffen zogale lokacin da Madam Ummul, malamar ajin farko, ta tsaya a gaban tasarta. Ranar kasuwar Filingue ce, masu sayen kopto, wato kwaɗon zogalen, sun yi mata zobe, amma malamar ba ta miƙo kwano ba. Sai da mutane suka ragu ta tsuguna.

"Shekaranjiya anka ce mu rubuta marayu a lakkwal, za a raba musu littattafai," in ji ta. "Nic ce wanda ba shi da uwa ba shi da uba shi ɗaga hannu. Sakina ta ɗaga."

Habsa ba ta bar murzawa ba. "Ai ubanta ya rasu."

"Na sani. Nic ce mata, ke da uwarki tana kasuwa? Tac ce a'a, waccan Yaya Habsa ce. Uwata Inna ce, kuma an kai ta kushewa."

Hannun Habsa ya tsaya cikin tasa.

Sakina 'yar fari ce, kuma a gidansu uwa ba ta kama sunan ɗan fari, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, ko kallonsa sai ta saci ido. Habsa na da cikinta wata bakwai ramin zinariya ya rufta da mijinta Abdulgafar can arewa. Ta haihu a ɗakin mahaifiyarta, ranar yaye kuma tsohuwar ta saɓa yarinya a baya ta ce ta zama tata. Unguwa ta sa mata Ɗiyar Inna. Habsa ta fi kowa murna da wannan suna, don ya raba ta da jin nauyi. Shekara shida ke nan tana daka gero don cikin yarinyar, tana wanke mata kaya, tana miƙa wa tsohuwa ta ba ta, mata kuwa na yabon kunyarta. Ba wanda ya ɓoye wa Sakina komai. Abin da duk gari ya sani ne, shi ya sa ba wanda ya tuna ya faɗa mata.

Yau kuma Kailu, yayan marigayi mijinta, ya kawo raguna daga Bonkuku, kuma da yarinyar zai koma. Tun ranar arba'in ɗin tsohuwa ya ce mai riƙon ta tafi, jini ya koma gidansu. Ya tambayi Sakina a gaban kowa, ta ce to, ko waiwayar Habsa ba ta yi ba. Wannan "to" ɗin ya daɗe yana cin Habsa a rai, ta ɗauka ƙi ne. Ashe yarinyar gani take ba ta bar kowa a baya ba.

"Ki gaya mata yau," in ji Madam Ummul. "Ba sai da dogon zance ba, yaro bai son wa'azi. Ni na haihe ki, Inna ta haihe ni, ubanki Allah ya yi mishi rasuwa, ni ina nan. Shi ke nan."

"Da bakina, Madam?"

"To da na wa? Mai faɗi miki ta riga mu gidan gaskiya."

Da azahar Habsa ta bar wa maƙwabciyarta tasa ta koma gida. Ta tarar da Sakina a ɗakin tsohuwa tana cusa kayanta cikin jakar Inna mai tsinkakken hannu, har da carbin marigayiyar. Habsa ta zauna a bakin murhu, ta ba ta baya, ta kama kankare tukunyar da tun safe take a wanke.

"Wasu yara dai," ta ce wa tukunyar, "wadda ta goya su daban, wadda ta haihe su daban."

Sakina ta leƙo. "Yaya Habsa, da ni kike?"

Habsa ta ji kamar duk matan unguwa sun jeru a kan katanga suna kallon bakinta.

"Ɗauko takalminki, kar a tahi a bar ki," ta ce. Ta tsani kanta a lokacin, tsana mai tsanani.

Bayan la'asar motar Bonkuku ta cika. An ɗaure buhunan gishiri da tabarmi a sama, Kailu ya miƙa jakar Inna aka ɗora. Mutum ne mai sanyin magana, ba mugu ba. Ya dubi Habsa da ke tsaye nesa, tana riƙe da bakin mayafinta.

"Kar ki damu, za ta ci ta sha cikin 'yan uwanta," ya ce. "Ke ma kin huta, ko Allah ya kawo miki wani mijin."

Ya kama hannun yarinyar. Sakina ta sa ƙafa ɗaya a matakin mota.

"Sakina."

Yarinyar ta waiga wajen masu tallan fura, ta waiga wajen direba. Ta san muryar, ta san sunan, amma ba ta taɓa jin su tare ba. Wata tsohuwa mai sayar da goro ta riƙe haɓa, ta ce wa ta kusa da ita zamani ya zo ƙarshe.

Habsa ta tako, ta durƙusa a cikin ƙurar tasha har idonta ya yi daidai da na yarinyar.

"Ni na haihe ki. Inna ni ta haihwa, ke kakarki ce, ta riƙe ki don tana son ki. Ubanki ya rasu kina ciki. Ni uwarki ce, kuma ban mutu ba."

Sakina ta daɗe tana kallonta. Ba ta yi kuka ba, ba ta yi murna ba.

"Inna ta sani?"

"Ta sani."

"Baba Kailu hwa?"

"Kowa ya sani."

"Ni ɗai?"

Duk yabon da Habsa ta sha na shekara shida bai ba ta kalma ɗaya da za ta ba yarinyar ba, sai hawaye.

Direba ya danna oda. Kailu ya dubi uwar, ya dubi 'yar, ya shafa gemu. Sannan ya ce a sauko masa da jakar can mai tsinkakken hannu.

"Ba yau ba," ya ce. "In an gama girbi mu sake zama, ni da ke da ita."

Motar ta tashi. Suka kama hanyar gida, jakar a kan Habsa, yarinyar na biye da ita taku biyu a baya kamar kullum. Ba ta kama mata hannu ba, ba ta kuma ce mata Inna ba. Sai da suka wuce rumfunan masu hatsi Sakina ta yi magana, can ƙasa-ƙasa.

"Sake faɗi."

"Mi?"

"Sunan."

Mata uku na zaune a ƙofar gida suna tsince wake, dukansu ƙawayen marigayiyar ne. Habsa ta gan su sarai. Ta tsaya a gabansu, ta juya, ta sake faɗi.