Makullin A-kori-kura

Akawu ya kai a-kori-kurar ubansa aka yi mata fenti. Bai yi shawara da kowa ba. Tsohon yana kwance da zazzaɓi Akawu ya zare makulli daga aljihun rigarsa, bayan kwana uku ya dawo da ita shuɗiya, tana ƙyalli. Uban nasa, Direba, wanda ya shekara talatin da ɗaya yana dakon katako da ƙofofi da motar nan, ya zagaya ta sau ɗaya.

Ya ce, "Ita ta ce maka tana jin kunyar launinta?"

Ya karɓi makullinsa, ya ɗaura masa igiya, ya rataya a wuya.

Kwana tara da yin fenti motar ta fara gardama. In ya murɗa makulli sai ta ce ƙas, fitilun gaban sitiyari su dushe, shi ke nan. Wata rana ta tashi, wata rana sai an tura. Akawu ya sayo sabon batir, ba ta canja zani ba. Aka kwance kik, abin da ke tayar da inji, aka kai wa mai gyara, ya gwada ya ce lafiyarsa lau. Ran Talata Direba ya tura ta shi kaɗai a gangaren layinsu, hannu ɗaya a sitiyari. Ya zo faɗawa ciki santsi ya kwashe shi. Mota ta je ta tsaya a tarin yashi, gwiwarsa ta kumbura suntum.

Da yamma Akawu ya zo, ya durƙusa ya gaishe shi, sannan ya ce, "Baba, motar nan ta mutu. Na yi magana da mai sayen tsofaffin ƙarafa. Gobe ƙarfe biyu zai zo da janwe ya ja ta."

"Kai ka haife ta?"

"Ni zan ɗauke ka in ta karya ka."

Inna, matar Direba, tana gasa masa gwiwa da ruwan zafi. Ta ce, "Gaskiyar yaron nan ce, Malam. A raba ka da ita mu huta. Ni ba ni da ƙarfin jinyar karaya."

Direba ya dube su ɗaya bayan ɗaya. Ya ce, "In ta kai ƙarfe biyu ba ta tashi da makulli ba, a ja ta." Sun san shi, bai taɓa lashe amansa ba.

Da hantsi ya ɗingisa ya buɗe bonet. Ya kunna fitilun gaba, suna da haske. Ya danna hon, har kajin maƙwabta suka watse. Batir ba shi da laifi ke nan. Ya kwance kawunan batir, ya wanke su da ruwan zafi, ya goge, ya ɗaure tam. Ya murɗa makulli. Ƙas. Ya shimfiɗa kwali ya shiga ƙarƙashi da miƙaƙƙiyar ƙafa, ya ƙwanƙwasa kik da sifana, ya jawo jiki ya fito. Ƙas. Ya bi jar waya mai kauri da yatsa tun daga batir har kik, ba inda ta tsinke, ba inda ta yi lako-lako.

Sha biyu ta gota. Ya zauna a kan bamba yana share gumi. Ya san wuta tana fita daga batir, tana maƙalewa a wani wuri, kuma inda wuta ta maƙale sai ya yi zafi. Amma zafin ba ya zuwa sai ana murɗa makulli, shi kuwa ba zai zauna a sitiyari hannunsa yana cikin bonet ba. Ban da Akawu da ya ɗauka ba izini, ba wanda ya taɓa murɗa makullin nan.

Ya leƙa gida. Inna tana wanki.

"Ke, zo."

"In zo in tura? Ban iya ba."

"Zo ki zauna."

Ta share kumfa a zaninta ta fito. Da ya buɗe mata ƙofar direba sai ta tsaya tana kallonsa.

"Shekara talatin da ɗaya ko a madubinta ba ka bari na gyara ɗankwali ba. Yau kuma kujerar sarauta?"

"Na cire giya. Kada ki taka komai. Murɗa dama, ki riƙe har in ce saki."

Ya cire igiyar daga wuya ya miƙa mata, yana kallon wani wuri.

Ya ɗora hannu a jar waya. "Murɗa." Ƙas. Waya sanyi ƙalau. "Saki." Ya koma kan baƙar waya, wadda ta tashi daga ɗaya kan batirin ta je aka ɗaure ta da noti a jikin mota. Ya bi ta har notin, ya dafa shi da babban yatsa.

"Murɗa. Riƙe."

Ya fizge hannu. Notin ya ƙone shi, ga ƙaurin fenti yana tashi.

Inna ta leƙo. "Me ya cije ka?"

"Kyautar ɗanki."

Ya kwance notin ya ɗaga wayar. Ƙarƙashinta fenti ne mai kauri, sumul. Mai fenti ya cire wayar, ya fesa abinsa, ya mayar da ita a kan fenti, wuta ba ta samun ƙarfe sai ɗan abin da ke bi ta zaren noti. Direba ya samo guntun zarto ya yi ta kankara, ya bi da sandifefa har ƙarfe ya fito fari fat, faɗin tafin hannu. Ya goge bakin wayar, ya ɗaure, ya shafe da giris.

Biyu saura kwata janwe ta shigo layin, Akawu yana zaune kusa da mai ita. Direba bai waiwaya ba.

"Murɗa."

Bugu ɗaya ta tashi. Duk jikin motar ya ɗauki rawa, hayaƙi ya turnuƙe gaban janwe. Inna ta zabura ta saki makulli, sannan ta fashe da dariya.

"Kashe. Sake." Ta kashe ta sake, ta tashi. Ya sa ta yi sau uku.

Akawu ya zo ya leƙa bonet, ya ga wurin da aka kankare a tsakiyar sabon fenti.

"Nan ne?"

"Nan ne."

Akawu ya sunkuyar da kai. Can ya ce, "Laifina ne, Baba, na yarda. Amma yau ta tashi, gobe fa? Dubi gwiwarka. Ga mutum ya taso da janwe."

Direba ya yunƙura zai nufi wurin Inna. Ya faɗi tasa tun jiya, ba zai ƙara ba, ba zai kuma roƙi kowa ba. Sai dai makullin ba ya wuyansa, gwiwar kuma ba ta sauri. Akawu ya riga shi zuwa tagar direba.

"Inna, jiya ke kika ce a raba shi da ita. Miƙo makullin."

Inna ta kashe mota ta zare makulli. Ta dubi mijinta, yana tsaye da ƙafa ɗaya, ya dafa bonet, yatsa ya yi bororo. Ta naɗe igiyar, ta ƙulle makullin a bakin zaninta.

Ta ce, "Jiya ba ta tashi. Ba zan ba ka ba."