Takwas Mai Giɓi

Kwamfuta, caja, riguna biyu, tikitin komawa na jibi. Abin da ke jakar Auta ke nan. Bas na faɗawa ramuka, ita kuwa ta ɗora kwamfutar a cinya tana rubuta ɗan shirin da zai zana lambobi da gajerun layuka, wani a kwance, wani a tsaye, irin na fuskar sikelin lantarki. Irin waɗannan layukan, sanda bakwai, ke tashin lamba takwas. Sauran lambobi duk takwas ce aka rage wa wani abu. Baba ne ya koya mata haka a shagonsa na gyaran sikeli, kafin a tura ta karatu nesa, aiki kuma ya riƙe ta can.

Yayanta na jiranta a barandar asibiti. Ya dubi jakar.

"An ce ki zo ki ga mahaifinki, kin taho da ofis a kafaɗa?"

"Yaya jikin nasa?"

"Jiya i yau. An nuna masa hotonmu, an rubuta masa sunansa, ko gezau. Likita ya ce in ba ya fahimtar komai, masu koya magana ba su da abin yi. Gobe zan mai da shi gida."

"Ɗakin baya za ka ajiye shi?"

"To ina? Ke jibi kin tafi, malama. Mu ne a nan."

Suka shiga ɗakin tare. Baba na kwance, bakinsa ya karkace, hannun dama ya shanye. Auta ta durƙusa ta gaishe shi. Idonsa ya wuce ta kanta ya tsaya a bango.

Ta jawo teburin cin abinci, ta buɗe kwamfutar a gabansa. Baƙin allo, sai korayen takwas-takwas manya, yadda kowane sikeli ke nunawa da zarar an kunna shi. A shago nan Baba ke fara dubawa. In sanda ɗaya ta mutu, kafin ya nemi sukudireba sai ya mari gefen sikelin.

Idonsa ya sauko daga bango.

Ta goge layi ɗaya daga takwas ta ƙarshe. Baba ya ƙura wa giɓin ido. Nas ta shigo da tire, ta tsaya. Can sai hannun hagu ya taso daga zanin gado, ya laluba, ya mari gefen kwamfutar.

"Jijiya ce," in ji Yaya. "Yakan yi haka."

Auta ta gyara wa kwamfutar zama. Ta mai da layin. Hannun ya koma ya kwanta. Ta cire wani daga takwas ta farko. Wannan karon marin ya kusa kifar da kwamfutar, sai da ta tare ta da gwiwar hannu.

"Tsoho, a hankali mana," in ji Yaya. "Wannan ba sikelin mai nama ba ne." Ya soma dariya bai ƙarasa ba, ya juya ya fuskanci taga.

Nas ta ajiye tiren. "Kada ki kashe. Bari in kira likita."

Auta ta sunkuya daidai fuskarsa. "Baba, ni ce. Auta."

Bai dube ta ba. Ya ɗan karkata kai don ta tare masa allon. Ta matsa. Ta cike giɓin, ta bar masa takwas ɗinsa cikakku, ta ja hannun Yaya suka fito.

"Bai fa gane ki ba," ya ce a hankali.

"Na gani."

"To?"

Ta jawo ƙofar ɗakin ta rufe.

"Ya gane takwas. Da ita za mu fara. Ba inda za ka kai shi gobe, ni ma jibi ba inda za ni."