Koren Kati da Jan Kati

Shekara biyu Likita ta yi tana auna 'ya'yan mutane, kuma ranar da sakamako ya fito sai ta ji kamar ta ɗora hannu a ka ta kurma ihu.

Aikin ba mai wuyar ganewa ba ne. Wata gidauniya ce ta ɗauki nauyin bincike, don a gano ko wani garin ƙarin abinci yana sa yaran da suka isa fara cin abinci su yi ƙiba da tsayi. Yara ɗari huɗu aka rubuta, aka jefa ƙuri'a. Masu koren kati ana ba iyayensu fakiti talatin duk wata, masu jan kati kuwa awo kawai ake yi musu da shawara. In kore suka fi ja girma, gidauniyar za ta ƙara shekara uku, kuma a lokacin kowane yaro a unguwar zai samu, ba ruwan kowa da launin kati. Rahoton, jibi ake jiran sa.

To ga takardar sakamakon a gabanta, layin girman kore da layin girman ja sun hau tare kamar tagwaye. Ta cire tabarau ta goge, ta sa aka sake bugawa, ba abin da ya motsa. Da ta rasa wanda za ta zarga sai ta zargi sikeli, ta tashi fuu ta nufi ɗakin awo.

Ɗakin cike yake da mata da kukan yara. A tsakiya ga tsohuwar nas ɗin da kowa ke kira Uwar Awo, wadda ta fara aiki tun Likita tana rarrafe, tana rataya wani yaro a sikeli tana yi masa waƙa. Uwar yaron ta buɗe jaka za ta ciro zani, sai ga fakitin garin nan guda uku sun zubo ƙasa. Katin da ke hannunta kuwa ja ne jawur.

"Baiwar Allah, ina kika samu wannan?" in ji Likita.

"Rabona ne na wannan watan."

"Wa ya ba ki?"

"Abokiyar rabona mana," matar ta ce, tana duban Uwar Awo, kamar mai mamakin a ce babbar likita guda ba ta san wannan ba.

Likita ta ja Uwar Awo zuwa sito ta turo ƙofa. Kwalayen garin da a da suke taɓa rufi yanzu ko gwiwa ba su kai ba.

"Mama, tun yaushe?"

"Tun wata na biyu," tsohuwar ta ce, ko gezau. "Su suka fara da kansu, ana ta rigima, wata ta samu biyu, wata goma. Na ce tunda za a yi, a yi shi da tsari. Kowace kore na haɗa ta da ja ɗaya, sha biyar sha biyar. Wallahi ko fakiti ɗaya bai ɓace ba."

Abin da ya fi ƙona wa Likita rai shi ne alfaharin da ke muryar. Ɓarnar shekara biyu, an yi ta tsaf-tsaf, ba ha'inci ba son kai.

"Sau nawa na yi miki bayani, Mama? Sau nawa?"

"Kin yi, har da zane a allo, kuma na gane sarai. Amma 'yata, ke a ofis kike zama, ni nake miƙa fakitin. Mata biyu, katanga ɗaya ta raba su. Ɗan wannan yana sha, ɗan waccan yana bin cokali da ido. Ke za ki iya?"

"Ba a tambaye ni ko zan iya ba! Shekara biyu aka ce mu daure don kowa ya samu!"

"Yaron wata takwas bai san shekara biyu ba. Kuma ai sun girma, ko ba su girma ba?"

"Sun girma, Mama, dukansu. Matsalar ke nan." Likita ta zauna a kan kwali. "In na yi shiru, takardar nan cewa take garin ba ya aiki, kuma ƙarya ne. In na faɗi gaskiya, binciken ya rushe. Gaskiyar zan rubuta. Amma ko ta ina aka bi, masu gidauniyar ba za su ƙara ba."

Uwar Awo ta juya. Ta dubi ragowar kwalayen, leɓenta yana motsi.

"Ban san haka abin yake ba," ta ce a hankali. "Na ɗauka in suka ga yara sun yi kyau, shi ke nan."

Likita ta so ta ci gaba da faɗa, don haushin bai ƙare ba, sai dai ta rasa inda za ta sauke shi. Ta tashi ta fito.

Matar nan tana nan tsaye tana jira. Kafin Likita ta wuce, ta ɗora mata yaron a hannu. Nauyi gare shi, kumatu kamar an hura, ya kama tabaraunta yana ja yana ɓangala dariya.

"Kin gan shi nan, Likita, da kamar tsinke yake. Allah ya saka miki da alheri. An ce in kin gama rubutun kowa zai riƙa samun talatin cif. Yaushe za a fara?"

Sauran matan duk suka juyo. Likita ta ƙwace tabaraunta da ƙyar, ta miƙa yaron ga uwarsa, ta sunkuya ta tsince fakiti ukun da kanta ta sa mata a jaka.

"Wanda ya rage miki," ta ce, "ki riƙa dama masa rabi-rabi, don ya daɗe."