A Gama da Janar Tukuna

Ranar da Armiya'u ya kafa turke a tsakar gida, Salima ta ajiye tsintsiya ta tsaya tana kallon mijin nata. Turken ƙirya ne mai kauri, har fenti kore ya shafa masa a ka.

"Baban Anisa, wanga kuma na mi ne?"

"Na doki," ya ce yana share gumi. "Jabiru da ba ya da ko shago ya sayi doki, kullum la'asar yana kilisa a hanyar Zurmi ana ɗaukar shi a waya. Ni da ke saida maganin feshi a tsakiyar kasuwar Ƙaura in tsaya kallo?"

Salima ta juya ta dubi lungun bayan madafa, inda Janar ke jan sarƙa yana gurnani.

"Ka gama da wancan tukuna."

Janar kare ne. Armiya'u ya kawo shi yana kwikwiyo, lokacin da labarin 'yan bindiga ya yi ta zuwa daga Kurya Madaro. Wani a majalisarsu ya ba shi sirri: in kana son kare ya yi zafi, ka daka gidan rina da barkono ka zuba masa a tuwo, kuma kada ka bari ya saba da kowa. Armiya'u mutum ne da ba ya yin abu rabi-rabi, sai ya ninka barkonon. Magani kuwa ya ci. Janar ya ciji ɗan garuwa a agara, ya yaga wa Gwaggon maigidan mayafi, ya bi mai gyaran wuta har kan katanga. Ranar da ɓarawo ya haura da tsakar rana ya ɗauke akuya kuwa, Janar na bayan ɗaki yana fama da cikinsa.

Shi kansa maigidan bai tsira ba. In ya dawo kasuwa sai ya tsaya a zaure ya buga waya: "Maman Anisa, yana ɗaure?" Abinci ma a bakin shebur yake miƙa wa karen. Amma a majalisa cewa yake gidansa ya fi barikin soja tsaro.

Duk wannan da Salima ta yi dariya ta wuce, ba don Anisa ba. Yarinyar shekara ɗaya da wata huɗu, ta fara tafiya, kuma duk tafiyarta tsakanin gado da ƙofar ɗaki ta koye ta. Sau ɗaya ta sulale waje lokacin da uwar ke salla, Salima ta sallame ta tarar tsakanin hannun ɗiyarta da bakin Janar bai fi taƙi biyu ba. Tun ranar ta auna iyakar sarƙar ta ja layi da toka, ta kuma yi wani abin da ba ta faɗa wa kowa ba. Ita ke tuƙa tuwon, don haka ta daina sa barkonon. Manja take ɗigawa ya yi ja, Armiya'u ya leƙa kwanon ya gyaɗa kai ya ce, "Yauwa, haka nake so." In ya fita, sai ta kulle Anisa a ɗaki ta zauna bakin layin toka, ta ce wa karen "kwanta," in ya kwanta ta jefa masa ƙashi. Sati uku tana haka. Ya fara jin maganarta, amma ko kusa ba ta yarda da shi a kan ɗiyarta ba.

Ran Alhamis Armiya'u ya dawo daga kasuwar Shinkafi bakinsa har kunne. Ya ga jan doki mai farin goshi a hannun wani tsohon makiyayi daga Katuru, Malam Hayatu. Sai dai tsohon yana da ƙa'ida: ba ya sallama dokinsa sai ya ga gidan da zai zauna. Gobe da hantsi zai zo.

Da safe Armiya'u ya sa babbar riga, ya ce a kwance wa Janar sarƙa a mai da ita turke.

"Doki dabba ce mai daraja, ita ta dace da ƙarfe. Ki ɗaure wancan da igiyar rama."

"Igiyar da nake shanya? Ba za ta riƙe shi ba."

"Ke dai ba ki san harkar dabbobi ba."

Ta yi magana sau uku, bai saurara ba. Ta ɗaure karen, ta goya Anisa ta tamke da majanyi biyu, ta ajiye kwanon ƙashi kusa da hannu.

Malam Hayatu ya yi sallama, ya jawo dokin ta ƙofar baya. Ƙamshin doki na isa lungu, Janar ya zabura, igiyar rama ta ce tas, ya yi kan dokin.

Dokin ya miƙe da ƙafa biyu yana haniniya, tsohon ya maƙale linzami. Armiya'u, wanda ko tsani ba ya hawa sai an riƙe masa, sai ga shi a kan tankin ruwa, babu wanda ya ga yadda ya hau.

"Janar! Kwanta! Ni ne maigidanka!"

Janar ya ji muryar da ya sani. Ya bar doki ya dawo, ya kama gefen babbar rigar da ke lilo ya shiga ja.

Salima ta ji zuciyar Anisa na bugawa a bayanta. Ta matso ta gefen bango don kada ta juya wa karen baya, ta ɗaga ƙashi.

"Kai. Kwanta."

Ya saki rigar. Ya dube ta, ya dubi ƙashin, ya kwanta. Ta kwanto sarƙar daga turke ta maƙala masa a wuya, ta ja shi lungu.

Malam Hayatu ya shafa wuyan dokinsa har ya natsu, sannan ya ɗaga kai.

"Alhaji, sauko mana mu gaisa."

"Ina nan lafiya, Baba. Ka ga aikin barkono ke nan, karen ga ba ya da na biyu."

"Manja ne," in ji Salima. "Sati uku ke nan."

Tsohon ya yi dariya har rawaninsa ya karkace.

"Kuma wa ya ce maka ana ɗaure doki da sarƙar kare? Igiya ce a ƙafa, mai laushi. Ɗiyata, ke mi kika ce?"

Salima ta sunkuyar da kai, amma muryarta ba ta yi ƙasa ba.

"Baba, ni ban ƙi doki ba. Amma yarinyar ga ba ta taɓa taka tsakar gidan ubanta ba. Yanzu baki guda nake tsaro, in doki ya zo ya zama baki da kofato huɗu, ni kuma ido biyu gare ni."

"Magana ta ƙare," in ji Hayatu. "Karen ba mugu ba ne, ɓata shi aka yi. Ku ba ni shi in tahi da shi ruga, ya bi shanu, ya ga mutane. Bayan damina, Alhaji, ka zo Katuru ka ce mai kwanta. In ya kwanta, sai mu yi maganar doki."

"In bai kwanta ba hwa?"

"Sai ka aiko matarka."

Haka suka fita, tsoho a kan doki, Janar na bin su da doguwar sarƙa. Armiya'u ya sauko da rabin riga, yana ta bayanin cewa dama daga sama ake gane lafiyar doki.

Salima ta share layin toka, ta kwance majanyi, ta dire Anisa a ƙasa. Yarinyar ta yi tangal-tangal, ta ratsa tsakar gidan gaba ɗaya har ta isa turken ta rungume shi.

Da la'asar aka ji sallamar Gwaggo daga zaure, tana tambaya ko yana ɗaure.

"Shigo kawai, Gwaggo," in ji Salima, tana ɗaura sabuwar igiyar shanya a kan turken.