Mata Takwas da Suka Ƙi Magana

Wanda bai ga fuskar Bambo Kalilombe ran da lissafi ya ba shi huɗu da ɗigo bakwai ba, bai ga fara'a ba. Shi ne shugaban ƙungiyar nan ta garin Zomba mai raba murhun laka. An tambayi mata ɗari uku yadda suka ji daɗin murhun, su ba da maki daga ɗaya zuwa biyar, shi kuma da kansa ya danna kwamfuta. Har kaza ya sa aka soya. Saura sa hannun mai nazarin alƙaluma, a kai murhun ƙauyuka arba'in.

Mai nazarin kuwa Tiyamike ce, 'yar siririya, ga taurin kai. Gwaggonta na da murhun, ta san da zarar an sa ƙarfi a tuƙin nsima, tuwon masararsu, sai ya tsage, tukunya ta kife. To ina huɗu da ɗigo bakwai ya fito?

Ta buɗe manhajar lissafi ta R, ta sa ta jero amsoshin. Biyu, ɗaya, biyu, uku. Can ƙasa sai ga casa'in da tara, har sau takwas. Ita ce lambar da ake sa wa wadda ta ƙi amsawa. Ashe mata takwas ne suka tsuke baki, wai matar mai gari na tsaye a kansu. Shi kuma gogan bai gaya wa kwamfuta ta tsallake lambar ba, ta haɗa da ita a lissafi. Da Tiyamike ta cire su, maki ya faɗo biyu da ɗigo ɗaya.

"Yallaɓai, matan da ba su ce uffan ba, su suka fi kowa yabonka," ta ce.

Bambo Kalilombe ya tura ƙofa da ƙafa. "'Yar nan, kwamfuta ce ta faɗa, ni na ƙirƙira? Mayar da su."

"Ba na mayarwa."

"Kin san masu digiri nawa ke gararamba a garin nan ba aiki?"

"Na sani, yallaɓai. Na kuma san tukunya nawa za ta kife a ƙauye arba'in."

Ya dangwara mata takardar rahoton. "Baƙuwa na zuwa daga babban birni, Lilongwe, da hantsi. In ga sa hannunki a nan, ko in ga makullin ofis."

Ta ɗauki biro ta yi rubutu, ta miƙa masa. Ko dubawa bai yi ba, ya ce ai dama ya san tana da hankali.

Da hantsi baƙuwar ta iso, Amayi Nyirongo, wadda sai ta yarda ake kai murhu ko'ina. Tsohuwar mai tattara bayanai ce, ta ci ƙauyuka da ƙafa. Ta buɗe shafin ƙarshe, ta sauke tabarau. A gurbin sa hannu, casa'in da tara ne ɓaro-ɓaro.

"Wace ce ta ƙi amsawa a ofishin nan?"

"Ni ce, Amayi," in ji Tiyamike. Dama kwamfutarta na buɗe, makullin ofis na ajiye a gefenta.

Amayi Nyirongo ta jawo kujera. "Bambo, ɗan matsa mana. Ke kuma nuna min."

Murhu dai bai je ƙauye arba'in ba, an mayar da shi wurin magina. Makulli na nan a jakar Tiyamike. Bambo Kalilombe kuwa har yau ba ya amsa gaisuwarta, ita kuma kullum sai ta gaishe shi sau biyu.